Lemma: Ɗan Aiken Da Ya Fi Maigidansa Suna

 Ga rubutun shirin wannan makon, musamman ga waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau kalma ɗaya tak za mu bi sawunta. Kalmar ita ce lemma. A lura, "m" biyu ce. Ba lemar da ake fakewa ƙarƙashinta in ruwa ya sauko ba, ba kuma lemar da ke kama bangon ɗaki da damina ba. Wanda ya karanta lissafi a jami'a ya san ta. Wanda ya karanta kimiyyar harshe shi ma ya san ta. Amma in ka zaunar da su biyun ka ce kowa ya faɗi ma'anarta, sai ka raba gardama. Mai lissafi zai ce maka ƙaramar ƙa'ida ce da ake fara tabbatarwa don a taka ta a hau zuwa ga babbar ƙa'ida. Mai harshe zai ce a'a, siffar kalma ce da ake ɗorawa a kan layi cikin ƙamus, wadda ke wakiltar duk 'yan'uwanta. To duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma uwa ɗaya ta haifi ma'anonin.

Kalmar ta Girkanci ce. Ta fito daga aikatau mai nufin ɗauka ko karɓa. Lemma ke nan "abin da aka ɗauko". Masu ilimin manɗiƙi na Girka suna amfani da ita ga maganar da abokin muhawara ya yarda da ita, kai kuma ka ɗauke ta ka gina hujjarka a kai. Daga nan masu lissafi suka are ta. Kana tsakiyar kawo hujja, sai ka ga kana buƙatar wani ɗan abu da ba a tabbatar ba tukuna. Maimakon ka tsaya ka dagula zance, sai ka ware shi gefe, ka tabbatar da shi shi kaɗai, sannan ka ɗauko shi ka ci gaba. Ɗan aike ne. Ba don shi aka tara jama'a ba.

Bari mu ga ɗaya da idonmu, don kada mu yi ta zance a iska.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. A aji ana ce musu firaim, mu a nan mu kira su gagara-rabo. Ɗauki 7. Tana shiga cikin 84 sau 12, ba saura. Yanzu fasa 84 gida biyu yadda ka ga dama: 4 sau 21, ko 6 sau 14, ko 3 sau 28, ko 2 sau 42. Duba da kyau. Kowace fasawa ka yi, ɗaya daga cikin biyun sai 7 ta raba shi: 21, 14, 28, 42. Ba ta taɓa ɓacewa a tsakani. Za ka ce ai wannan kowa ya sani. To gwada da 6, wadda ba gagara-rabo ba ce. Tana raba 36. Amma 36 ai 4 sau 9 ne, kuma 6 ba ta raba 4, ba ta raba 9. Ka gani? Abin ba na kowace lamba ba ne, halin gagara-rabo ne kawai.

Wannan ita ce ake kira lemmar Yuklid, mutumin da Larabawa ke ce wa Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tana cikin littafinsa mai juzu'i 13, a juzu'i na 7, mas'ala ta 30. Shi kansa bai kira ta lemma ba, na baya ne suka raɗa mata, saboda aikin da take yi. Ita ce ke tabbatar da cewa kowace lamba hanya ɗaya ce tak ake fasa ta zuwa gagara-rabo. 84 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 7, kuma duk duniya ba wata hanya. Cikakkiyar hujjar wannan babbar ƙa'ida a fayyace sai a 1801 Bajamushe Gauss ya rubuta ta, yana ɗan shekara 24. A yau wasu daga cikin hanyoyin kulle saƙo a intanet, irin wadda aka fitar a 1977 mai suna RSA, a kan halayen waɗannan lambobi suke zaune.

Shekaru kusan ɗari shida bayan Yuklid, a wannan gari dai na Iskandariyya, aka yi wani malami mai suna Pappus, wajen shekara ta 320 Miladiyya. Shi aikinsa taimakon ɗalibai. Ya ɗauko manyan littattafan magabata, duk inda marubuci ya tsallake mataki yana ganin abu ne mai sauƙi, sai Pappus ya cike gurbin da lemma. Wani littafin Yuklid mai juzu'i uku, shi kaɗai Pappus ya rubuta masa lemma 38. To ga abin mamaki: littafin ya ɓata. Ba wanda ke da shi a yau. Lemmomin ne suka rage, kuma ta bakinsu masana ke ƙoƙarin gano abin da littafin ya ƙunsa. Gini ya rushe, tsanin da aka jingina masa yana nan tsaye.

Cikinsu akwai wadda za ka iya gwadawa yanzu da rula da biro. Ja layi biyu miƙaƙƙu. Sa ɗigo uku a na sama, uku a na ƙasa, duk inda ka so. Haɗa na farkon sama da na biyun ƙasa, na biyun sama da na farkon ƙasa, ka sa alama inda suka gitta. Yi haka ga na farko da na uku, sannan na biyu da na uku. Alamomin nan uku za su jeru a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, ko yaya ka watsa ɗigoginka. Yau ana ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan wani reshe guda na ilimin siffofi, alhali mai ita a gefe ya ajiye ta.

Yanzu mu bar Masar mu nufi Bagadaza, don a nan labarin ya fi daɗi.

A ƙarni na 9 akwai wasu 'yan'uwa uku a Bagadaza, Banu Musa, masu kuɗi kuma masu ilimi, suna kashe dukiya wajen nemo littattafan Girka da biyan masu fassara. An ruwaito cewa babbansu, Muhammad, yana dawowa daga tafiya ya bi ta Harran, garin da ke kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, sai ya gamu da wani saurayi ɗan canji a kasuwa. Ya ga yadda yaron ke juya harsuna, Suryananci harshen uwa, ga Girkanci, ga Larabci. Sai ya tafi da shi Bagadaza. Yaron nan shi ne Sabit bn Ƙurra. Ba Musulmi ba ne, cikin Sabi'awan Harran yake, kuma a haka ya kai har ya zama na kusa da Halifa Mu'utadid. Ya rasu a 901. Shi ya gyara fassarar littafin Yuklid da Ishaƙ bn Hunain ya yi. Af, wanda ya fara fassara littafin tun zamanin Haruna Rashid sunansa Hajjaj bn Yusuf bn Maɗar. Kada ku haɗa shi da Hajjaju gwamnan Iraƙi mai takobi, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Cikin abin da Sabit ya fassara akwai wani ɗan littafi mai mas'ala 15 kan da'ira, wanda ake jingina wa Arkimidis, gwanin lissafin da sojan Rum ya kashe a tsibirin Sisili a shekara ta 212 kafin Miladiyya. Sunan littafin a Larabce shi ne Kitabul Ma'akhuzat. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin sarfu ya san "akhaza", wato ya ɗauka, ya riƙa. Ma'akhuzat, abubuwan da aka ɗauko. Lemma ke nan, an mayar da ita Larabci daidai wa daida.

Asalin Girkancin littafin nan babu shi. Ya tafi. Da ba don fassarar ɗan canjin Harran ba, da ba wanda ya san an taɓa yin sa. Masana na da ja kan ko Arkimidis ne ya rubuta shi a yadda yake, tunda a ciki ana ambaton sunansa kamar wani ne ke ba da labarinsa. Abin da ya fi kama hankali shi ne wani ne daga baya ya tsinto abubuwa daga ayyukansa ya tara. Amma kayan ciki masu kyau ne. Akwai siffar da Girkawa suka kira da sunan wuƙar baduku, irin mai lanƙwasar nan ta yankan fata. Ja layi, ka kifa masa rabin da'ira babba. Raba layin gida biyu a duk inda ka so, ka kifa wa kowane gida nasa ƙaramin rabin da'irar. Filin da ya rage tsakanin babbar da ƙananan biyu shi ne wuƙar. Littafin ya nuna cewa in ka ta da layi tsaye daga inda ƙananan suka haɗu har ya taɓo babbar, sannan ka zana da'irar da wannan layin ne faɗinta, to filin da'irar daidai yake da filin wuƙar. Siffa mai ƙahoni uku ta koma da'ira sumul.

Littafin ya shiga manhajar karatu a ƙasashen Musulmi. Yana cikin waɗanda ake kira Mutawassiɗat, na tsakiya, waɗanda ɗalibi ke karantawa bayan ya sauke Yuklid kafin ya shiga babban littafin taurari na Baɗlamus. Nasiruddin Ɗusi ya sake tace shi a ƙarni na 13. Turai kuwa sai a ƙarni na 17 ya iso musu da Latinanci. Fitacciyar bugawar ita ce ta 1661 a Fulorans ta Italiya, kuma wanda ya fassara musu daga Larabci Kirista ne ɗan Labanan, Ibrahim al-Haƙilani, tare da wani masanin lissafi Ba'italiye, Borelli.

Larabawa suna da wata kalmar kuma da suka fi yawan amfani da ita, wadda mu ma muka ara: muƙaddima, abin da aka gabatar. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi tambaya a littafinsa na ilimin gani, Kitabul Manazir: ga ido a nan, ga fitila a can, ga madubi mai siffar ƙwallo, a wane ɗigo na madubin haske zai buga ya dawo cikin ido? Tambaya kamar wasa. Sai da ya gina muƙaddima shida, ɗaya bisa ɗaya, kafin ya kai ga amsa, kuma a cikin shidan nan gumin yake.

Mu tsallako zamanin kusa. A nan za ku ga lemma ta fara wani hali, na ɗaukar sunan wanda ba shi ya haife ta ba. Akwai wadda ke ƙirga, misali, hanyoyi nawa za ka iya shafa wa fuskoki shida na ɗan ludo fenti, in juya shi bai sa ya zama sabo ba. Da launi biyu hanya 10 ce, da launi uku 57. Ana kiranta lemmar Burnside, saboda Baturen Ingila mai wannan suna ya sa ta a littafinsa na 1897. Alhali Cauchy na Faransa ya san ta tun 1845, Frobenius na Jamus ya rubuta ta a 1887. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har wasu masu lissafi suna tsokana, suna ce mata lemmar da ba ta Burnside ba. Haka lemmar Zorn ta 1935, Kuratowski ɗan Folan ya riga shi tun 1922.

Wadda ta fi taɓa zuciya ita ce lemmar Ito. Kiyoshi Ito ɗan Japan ne, yana aiki a ofishin ƙididdiga na gwamnati lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana nazarin yadda za a yi lissafin abin da ke motsi ba tsari, kamar ƙurar da ke rawa cikin hasken taga. Ya fara fitar da aikin a shekarun 1940, ƙa'idar ta fito cikakkiya a 1951. A 1973 masana tattalin arziki a Amurka, Black da Scholes da Merton, suka taka ta suka fitar da hanyar sa farashi ga wasu kwangilolin kasuwar hannun jari. Biyu daga cikinsu suka karɓi kyautar Nobel a 1997, Black ya riga ya rasu. To amma akwai wani saurayi, Wolfgang Doeblin, Bayahude haifaffen Jamus da iyalinsa suka gudu Faransa. Yana sojan Faransa a bakin daga, yana rubuta lissafi a littafin 'yan makaranta. A Fabrairun 1940 ya liƙe shi a ambulan ya aika wa Cibiyar Kimiyya ta Faris a ajiye. A watan Yuni, da ya ga sojojin Hitila sun kusa kama shi, ya kashe kansa. Shekararsa 25. Ambulan ɗin nan ba a buɗe shi ba sai a shekara ta 2000. Da aka buɗe, sai ga irin wannan ƙa'ida a ciki. Shekara sittin tana kwance a rufe. Shi ya sa yanzu wasu ke haɗa sunayen biyu in za su ambace ta.

Sai kuma lemmar da ta zama ƙarfen ƙafa. A 1967 wani ɗan Kanada, Robert Langlands, ya rubuta wa babban malami André Weil wasiƙa da hannu, shafi 17, yana hasashen wata gada tsakanin ilimin lambobi da wasu rassan lissafi da ake ganin ba abin da ya haɗa su. Wasiƙar nan ta zama shirin aiki na zuriya guda. Ana cikin tafiya, wajen farkon shekarun 1980, sai ya ga yana buƙatar wani daidaito tsakanin lissafai biyu. Ya ɗauka ƙaramin abu ne, ya kira shi lemma, har ya riƙa ba ɗalibai. Shiru. Shekara goma, shekara ashirin. Ku dubi halin da aka shiga: manyan masana suna ta rubuta sakamako suna cewa wannan gaskiya ne in har lemmar can ta tabbata. Bene ake ta ɗorawa hawa bisa hawa, kuma ba wanda ya tabbatar da tubalin ƙasa. Da ta fito ƙarya, da aikin rayuwar mutane da yawa ya bi ruwa.

Wanda ya warware ta shi ne Ngo Bao Chau, haifaffen Hanoi ta Biyetnam a 1972, ana tsakiyar yaƙi. Ya yi karatu a Faransa. Shi da malaminsa Laumon suka ci wani ɓangare a 2004, sannan a 2008 ya kawo hujjar da ta rufe zancen, bisa ayyukan wasu da suka share hanya. Da aka buga ta, shafi 169 ta ci. Lemma fa! A 2010 a Haidarabad ta Indiya aka ba shi lambar Fields, wadda ake ba masu lissafi 'yan ƙasa da shekara arba'in. In ka dubi fuskar lambar, hoton kan Arkimidis ne a jiki.

To, ina mai harshe? Ta ina ya samu tasa lemmar?

Duk wanda ya yi karatun zaure ya riga ya ga amsar, bai dai san sunanta ba. Malam yana ɗauko kalma ko gaɓa ɗaya daga matani, ya fassara, ya yi bayani, sannan ya ɗauko ta gaba. In ka buɗe tsofaffin littattafan sharhi na hannu za ka tarar an rubuta kalmar matanin da jan tawada ko an ja mata layi a sama, bayani na biye da baƙi. Malaman Girka da na Rum haka suke yi wa tsofaffin waƙoƙinsu, kuma guntun da aka ɗauko daga matani don a yi masa bayani shi suke kira lemma. Abin da aka ɗauko dai. Daga baya masu kwafe littattafai a Turai suka riƙa tattara waɗannan kalmomi masu wuya da bayanansu wuri guda, suka jera su bisa haruffa. Ƙamus ya fara tsira ke nan, kuma kalmar da ke kan layi ta riƙe sunanta.

Sai dai nan wata matsala ta taso. Kalma ba ta da fuska ɗaya. Wacce za a ɗauko? Kowace al'umma da zaɓinta. Masu ƙamusun Latinanci da tsohon Girkanci suna jera aikatau da siffar "ina yi". Larabawa suna ambatonsa da siffar "ya yi", kamar kataba. Faransawa da wata siffar daban. Ba wanda aka saukar wa da nasa daga sama, yarjejeniya ce.

Larabawa ma sun wuce nan, suka gangara har saiwa. Khalil bn Ahmad na Basra, malamin Sibawaihi, wanda ya tsara ilimin aruli, ya rasu a ƙarshen ƙarni na 8. Ana jingina masa ƙamusun Larabci na farko, Kitabul Ain, kodayake ana ganin ɗalibinsa Lais ne ya ƙarasa shi. Khalil bai bi alif, ba, ta ba. Ya jera haruffa bisa mafitarsu, daga can cikin maƙogwaro zuwa leɓe, ya fara da ain. Sannan ya yi abin da mai lissafi zai yi. Ya ce saiwa mai baƙi uku hanya 6 ake iya jujjuya ta, mai huɗu 24, mai biyar 120. Ɗauki kaf da ta da ba: ka juya su duk hanyoyi shidan, ka duba wanne Larabawa ke faɗa, wanne suka bari. Da haka yake son ya tabbatar ba kalmar da ta kuɓuce masa. Ni a ganina wannan na cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi a tarihin ilimin harshe. Amma neman kalma a ciki, sai mai haƙuri.

Jauhari, wajen shekara ta 1000, ya sauƙaƙa: ya jera saiwoyi bisa harafin ƙarshe. Kana neman istigfari? Cire ƙarin, ka samu gain, fa, ra, sai ka tafi babin ra. Ibn Manzur ya bi wannan tsari a Lisanul Arab da ya kammala a 1290. Haka ma Fairuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta Yaman a farkon ƙarni na 15. Shi ya sa wa littafinsa suna Al-Ƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa. Littafin ya yi farin jinin da har sunansa ya zama sunan kowane littafi irinsa. Ya ƙetaro Sahara, an ruwaito Askiya Dawud na Songhai ya saya wa wani malami kwafinsa a kan misƙali 80 na zinariya. Kalmar ƙamus da muke faɗa a Hausa, asalinta teku ce, kuma sunan littafin mutum ɗaya ne.

Mu iso gida. Schön ya buga ƙamusun Hausa a 1876, Bargery ya fitar da nasa babba a 1934, Abraham a 1949, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da na Hausa zalla a 2006. Kowannensu sai da ya zauna da wannan tambaya. Ka ce "me ka saya?", "na sayi goro", "na saye shi". Aikatau ɗaya, fuska uku, abin da ke biye ne ke canja wasalin ƙarshe. Ƙamusoshi sun saba ɗora saya a kan layi. To sayo fa? Sayu fa? Sayar fa, wadda ma'anarta kishiyar saya ce? A sa ta ƙarƙashin saya ko a ba ta gidanta? Parsons na Landan ya tsara aikatau na Hausa aji bakwai a 1960 don a ga dangantakarsu, amma mai ƙamus har yanzu sai ya yanke hukunci. Haka jam'i. Baƙon da ya ci karo da shanu, wa zai gaya masa ya nemi saniya ko sa? Awaki na wajen akuya, dawaki na wajen doki. Sannan ga akasin haka: rubutu ɗaya, lemma da yawa. Fari na launi, fari na rashin ruwa, fari na ɗan fari. Kuka na hawaye, kuka ta miya. Kunne na rarrabe su da karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa.

Ga inda abin ke da ɗan ciwo. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin Kano, don haka zauna, aure da sauro su ke hawa kan layi. Zamna, amre da sabro na Sakkwato, Katsina da Maraɗi sai a rubuta musu "duba can", in ma an sa su. Alhali masana tarihin harshe, tun daga Bajamushe Klingenheben a shekarun 1920, sun nuna na yamman su ne tsofaffi. A gabas ne "m" da "b" na ƙarshen gaɓa suka narke suka koma "u". Wato kaka ce aka tura ta tsaya bayan jika. Ba ina cewa a rushe daidaitacciyar Hausa ba, kowane harshe na buƙatar ma'auni ɗaya na rubutu. Amma yaron Sakkwato da ake yi wa dariya a makaranta don ya ce zamna, ya kamata ya san wannan.

Yau kwamfuta ce ke buƙatar lemma fiye da kowa. Wanda ya fara wannan aiki babba limamin Katolika ne Ba'italiye, Roberto Busa. A 1949 ya je ya shawo kan shugaban kamfanin IBM ya taimaka masa ya jera duk kalmomin rubuce-rubucen Thomas Aquinas, kusan miliyan 11, kowacce a mayar da ita ga lemmarta. Da katunan da ake hudawa aka yi, mutane na zaune suna tantancewa da hannu, kuma sai a 1980 aka gama buga shi, juzu'i 56. Abin da ya yi wa Latinanci shi ake so injin bincike ya yi wa Hausa: ka rubuta makarantu ya gane makaranta kake nufi, ka rubuta sayi ya kawo maka saya.

Mu kuma ga yadda muke rubutu a waya, ba ƙugiya: "na ga baki a kofa". Kai da ka tashi cikin harshen ka san baƙi ne suka zo, jam'in baƙo, suna tsaye a ƙofa. Inji kuwa yana da baki na cin tuwo, da baƙi na launi, da baƙi na harafi, da baƙo, huɗu ke nan, kuma dole ya ɗauki ɗaya. Ba zai iya ba sai wasu mutane sun zauna, kamar ma'aikatan Busa, sun bi dubban jimloli suna rubuta wa kowace kalma lemmarta. In masu zaman nan duk daga gari ɗaya suka fito, ranar da tsohuwa a Tawa ta ce wa wayar jikanta "amre", wayar za ta ce ba ta san wannan kalma ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A gwada layukan Pappus kafin nan, rula da biro kawai ake buƙata.